Bob Hope, ɗan barkwancin da ya bi sojoji har bakin daga: tambayoyi da amsoshi

Bob Hope ya mutu ranar 27 ga Yuli, 2003, a gidansa da ke unguwar Toluca Lake a Los Angeles, wata biyu bayan ya cika shekara 100 cif. Har yau idan Kirsimeti ta ƙarato, tashoshin Amurka kan tono tsofaffin hotunansa su nuna: wani mutum mai dogon hanci, riƙe da sandar wasan golf, yana tsaye kan dandamalin katako, gabansa samari dubbai cikin kaki sun zauna a ƙasa suna ƙyaƙyata dariya. Ga tambayoyin da mai ganin hotunan nan kan yi.

Wane ne shi, kuma daga ina ya fito?

Sunansa na yanka Leslie Townes Hope. An haife shi ranar 29 ga Mayu, 1903, a Eltham, wani yanki na Landan, shi ne na biyar cikin 'ya'ya maza bakwai. Mahaifinsa sana'arsa sassaƙar dutse. Yana ɗan ƙarami iyalin suka yi ƙaura zuwa Cleveland a jihar Ohio ta Amurka, ya kuma zama ɗan ƙasa a 1920. Daga baya ya riƙa zolaya cewa ya bar Ingila ne tun yana yaro, da ya gane ba za a taɓa naɗa shi sarki ba.

Babu irin neman abincin da bai taɓa ba: tallar jarida, rawa a bakin titi, har dambe ya ɗan gwada da sunan Packy East kafin ya gane fuskarsa ta fi amfani idan ba a kumbura ta ba. Ya shiga ayarin masu wasan dandamali da ke yawo gari-gari, ya kai gidajen wasa na New York, sannan a 1938 kamfanin man goge baki na Pepsodent ya ɗauki nauyin shirinsa a rediyon NBC. A shekarar ce kuma ya rera waƙar nan "Thanks for the Memory" a wani fim, wadda ta zama takensa har ƙarshen rayuwa. Shi da mawaƙi Bing Crosby sun yi jerin finafinai 7 na 'yan yawon duniya tsakanin 1940 da 1962, ya kuma jagoranci bikin ba da kyautar finafinai ta Oscar har sau 19, ba tare da ya taɓa cin ta a gasa ba.

Shi ma soja ne?

A'a. Bai taɓa yin aikin soja ba ko na kwana ɗaya. Lokacin da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a Disambar 1941 yana da shekara 38. Sai a 1997 Majalisar Dokokin Amurka ta yi doka ta ba shi matsayin tsohon soja na girmamawa, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu. Shi ne mutum na farko da aka yi wa haka.

To yaya aka yi ya faɗa harkar nishaɗantar da sojoji?

Ba da wani babban ƙudiri ya fara ba. Ranar 6 ga Mayu, 1941, watanni bakwai kafin harin da Japan ta kai sansanin jiragen ruwan Amurka na Pearl Harbor, aka kai shirinsa na rediyo sansanin mayaƙan sama na March Field a Kalifoniya, domin a watsa shi daga can maimakon ɗakin shirye-shirye. Dariyar da ya ji ranar ba irin ta mutanen gari ba ce da suka sayi tikiti suka zo suna auna shi. Ta samari ce da aka raba da gida, aka aske musu kai, ba su da wurin zuwa, kuma suna jin yunwar abin da zai sa su manta da fareti. Ɗan wasa kuwa da dariya yake rayuwa. Daga nan har yaƙin ya ƙare, kusan duk shirye-shiryensa daga barikoki da sansanoni aka watsa su.

Ƙungiyar da ke shirya irin waɗannan tafiye-tafiye ita ce USO, wadda aka kafa a Fabrairun 1941 bisa buƙatar Shugaba Franklin Roosevelt. Ƙungiyoyin agaji shida suka haɗu suka samar da ita, ciki har da YMCA, da Salvation Army, da wata ta Katolika, da wata ta Yahudawa. Ba sashen soja ba ce, amma da jiragen soja take kai mutanenta inda za su. Hope ya yi mata rangadi 57 a cikin shekara hamsin.

Ina da ina ya je?

A 1942 ya je Alaska da tsibiran Aleutian, inda sanyi da hazo suka fi abokan gaba kashe matuƙan jirgi. A 1943 ya yi Ingila, ya tsallaka Arewacin Afirka, ya shiga Sicily bayan mamaye ta da 'yan makonni. A garuruwan Bizerte na Tunisiya, da Palermo, da Aljas, jiragen Jamus sun yi ruwan bama-bamai yana ciki. Ayarin nasa ƙarami ne: mawaƙiya Frances Langford, da mai kiɗan jita Tony Romano, da wani ɗan wasa Jack Pepper. Bayan babbar mota kan zama dandamali.

A 1944 ya juya tsibiran tekun Fasifik. A wannan tafiya ce jirgin da ke ɗauke da su ya samu matsala, ya yi saukar gaggawa a cikin kogi kusa da wani ƙaramin gari mai suna Laurieton a Ostiraliya, mutanen garin suka fito da kwale-kwale suka kwashe su, shi kuma ya yi musu wasa a daren.

Bayan yaƙin ya je Barlin a Kirsimetin 1948, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta toshe hanyoyin birnin ana kai masa gawayi da abinci ta sama. Daga nan al'adar zuwansa a Kirsimeti ta samo asali. Koriya a 1950. Biyetnam kowace Kirsimeti daga 1964 zuwa 1972, sau tara a jere. Jiragen ruwan yaƙi da ke gaɓar Lebanon a 1983. Na ƙarshe shi ne yankin Gulf a Disambar 1990, yana da shekara 87.

Akwai wasan da ya fi tsaya masa a rai?

Wanda ya fi ambata shi ne na Pavuvu. Wani ƙaramin tsibiri ne mai taɓo da ɓeraye da ruɓaɓɓen kwakwa a yankin Solomon, inda aka ajiye runduna ta ɗaya ta sojojin ƙundumbalar ruwa na Amurka a 1944. Ba ya cikin jadawalinsa. Yana wani tsibiri kusa aka gaya masa cewa ga wasu samari can da za a tura wani mugun wuri, ba su ga kowa ba tsawon watanni. Tsibirin ba shi da filin saukar babban jirgi, don haka aka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a ƙananan jirage masu cin mutum biyu, aka sauke su kan hanya. Ya yi wasansa, ya tafi.

Ranar 15 ga Satumba rundunar ta sauka a tsibirin Peleliu, inda aka yi ɗaya daga cikin faɗan da suka fi muni a yaƙin Fasifik. Sama da dubu daga cikinsu suka mutu, dubbai suka jikkata. Ga da yawansu, wasan Pavuvu shi ne dariya ta ƙarshe da suka yi a taro. Bayan wani lokaci Hope ya shiga wani asibitin soja a Kalifoniya, sai wani majinyaci ya ɗaga murya daga kan gado ya kira sunan tsibirin. Ɗakin cike yake da waɗanda suka kalle shi a can.

Me yake faɗa da har yake sa su dariya haka?

Duk wanda ya san wawan sarki a fadojinmu zai gane dabarar nan take. Wawa na faɗin abin da bafade ba zai iya faɗa ba, a gaban sarki, kuma sarki ya yi murmushi. Kurtu ba shi da bakin kushe abincin bariki ko zolayar janar. Hope kuwa zai hau dandamali, janar ɗin na zaune a layin gaba, ya kama sunansa ya yi ta wasa da shi. Kafin ya isa kowane sansani, an riga an tura mutane su tattaro labarin wurin: sunan kwamanda, hafsan da aka fi tsana, irin abincin gwangwanin da ya ishi kowa, sauro, taɓo, unguwar da sojoji ke satar jiki su je da dare. Sai yaro ɗan shekara goma sha tara ya ji mutumin da uwarsa ke saurare a rediyo yana ambaton ƙorafin da shi da abokansa ke yi a ɓoye cikin tanti.

Na biyu, ya mai da kansa matsoraci. A finafinansa ma halin da yake fitowa da shi ke nan: mai cika baki wanda ke fara gudu idan ta ɓaci. A gaban mutanen da aka hana su nuna tsoro, ga babban tauraro yana cewa shi kam ƙarar igwa ɗaya ta ishe shi ya nemi rami. Wannan ya ba su damar yi wa nasu tsoron dariya ba tare da kowa ya amsa laifi ba.

A asibiti kuma bai yarda da fuskar tausayi ba. An san shi da shiga ɗakin waɗanda aka yanke wa ƙafa yana cewa kada kowa ya tashi don shi. Marubuci John Steinbeck, wanda ke aiko da rahoton yaƙi daga Ingila a 1943, ya yaba wannan aiki na asibiti fiye da komai, domin a nan ne ban dariya ya fi wuya.

Sandar golf ɗin kuwa, ban da son wasan da yake yi, tana ba hannunsa abin yi yayin da yake jiran dariya ta lafa.

Shi yake ƙirƙirar barkwancin da kansa?

Yawanci a'a, kuma bai ɓoye ba. Yana da ayarin marubuta da yake biya albashi, kowa ya rubuto nasa, shi ya zauna ya tace, ya jera. Yakan buga musu waya tsakar dare ya ce yana son layi biyar kan abu kaza kafin gari ya waye. A talabijin daga manyan kwalaye yake karantawa, wani na riƙe da su bayan kyamara. Taskar barkwancinsa, wadda yanzu ke ajiye a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, ta kai shafi 85,000.

Gwanintarsa tana wajen faɗa: saurin harshe, sanin daidai inda zai dakata, da kallon gefen ido da yake yi bayan ya saki magana. Gaskiya ita ce mai sauraro a yau ba zai yi dariya sosai ba. Barkwancin da aka ɗinka kan labarin mako ba ya kwana, kamar kunun da aka dama ne. Abin da bai tsufa ba shi ne hoton taron: ruwan sama na dukan mutane, wasu sun hau bishiya, wasu kan motocin yaƙi, su ga mutumin da ya taso daga Kalifoniya don su. Zuwa da kai ya fi saƙo, kuma a ganina nan ne darajarsa take.

Akwai haɗari na gaske, ko dai duk shiri ne don kyamara?

Akwai. Ba a kai shi ramin da ake musayar wuta ba, kuma ana tsare shi sosai, amma tafiyar kanta tana kisa. A Fabrairun 1943 wani jirgi ɗauke da 'yan wasan USO ya faɗi a kogin Lisbon, cikin waɗanda suka mutu har da mawaƙiya Tamara Drasin, wadda suka yi wasa ɗaya da Hope a New York a 1933. A Disambar 1944 jirgin makaɗi Glenn Miller ya ɓace tsakanin Ingila da Faransa, har yau ba a gan shi ba.

Ranar jajibirin Kirsimetin 1964, jim kaɗan kafin ayarin Hope ya iso tsakiyar Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu a lokacin, 'yan Viet Cong, mayaƙan kwaminisanci da ke yaƙar Amurka, suka tayar da bam a otal ɗin Brinks inda hafsoshin Amurka ke kwana. Amurkawa biyu suka mutu, gommai suka ji rauni. Washegari ya gaya wa sojoji cewa a hanyarsa ta zuwa masauki ya ci karo da wani otal yana tafiya ta ɗaya hannun.

Don Allah ya yi, ko don aljihunsa?

Duka biyun, kuma raba su ba zai yiwu ba. Ma'aikatar tsaro ke ɗaukar nauyin jirage da masauki. Shi kuma yana tafiya da masu kyamara, a dawo a tace, NBC ta nuna a watan Janairu, kamfanin motoci na Chrysler na biyan kuɗin talla. Shirye-shiryen da aka nuna a farkon 1970 da 1971 suna cikin waɗanda aka fi kallo a tarihin talabijin na Amurka a wancan zamani, domin iyaye na zuba ido ko za su hango ɗansu cikin taro. Sojoji sun ba shi masu kallon da babu irinsu, sun kuma ba shi rigar mutunci da ta sa sukarsa ta zama kamar sukar ƙasa.

Sai dai mutumin da ya riga ya yi arzikin filaye a kwarin San Fernando ba ya bukatar barin iyalinsa kowace Kirsimeti ya je ya kwana cikin zafi da ƙarar jirage. Da kuɗi kaɗai yake nema, akwai hanyoyin da suka fi sauƙi. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne tafi ya zame masa jaraba, kuma babu mai tafi kamar soja.

Me ya faru da shi a Biyetnam? An ce har ihu aka yi masa.

An yi. A nan kiɗa ya canza, shi kuwa bai canza rawa ba. A yaƙin Hitila shi da masu kallonsa da mutanen gida duk bakinsu ɗaya. A Biyetnam wasu samarin tilas aka kwaso su, da yawa ba su ga dalilin yaƙin ba, kuma shi a lokacin ya haura sittin, sa'an kakanninsu. Ya fito fili ya goyi bayan yaƙin, ya riƙa gugar zana ga ɗaliban da ke zanga-zanga, ya zama abokin golf na Shugaba Richard Nixon da mataimakinsa Spiro Agnew. A Disambar 1969, a sansanin Lai Khe, da ya gaya wa taron cewa Nixon na da shirin kawo ƙarshen yaƙin, sai aka amsa masa da ihun ƙin yarda.

Wawan sarki yana da daraja ne muddin talaka na ganin bakinsa yake ari. Ranar da ya koma kawo saƙon fada, ya zama bafade. Abin da ya samu Hope ke nan. A Yulin 1970 shi da mai wa'azi Billy Graham suka jagoranci wani babban gangamin kishin ƙasa a Washington da masu adawa suka ɗauka na Nixon ne. A Nuwamban shekarar, yana gabatar da gasar sarauniyar kyau ta duniya a Royal Albert Hall na Landan, mata masu fafutuka suka tarwatsa wasan da ƙullin garin fulawa. Dama ya saba tafiya da kyawawan mata irin su Ann-Margret da Raquel Welch, ya tsayar da su gaban samari yana barkwanci da jikinsu, kuma zamanin da ake shanye irin wannan ya fara wucewa.

Akwai kuma tambayar da mai karatu daga wajen Amurka ke da haƙƙin yi. Samarin da yake sa wa dariya da rana, wasunsu su ne ke sakin bam kan ƙauyukan Biyetnam washegari. Tausayinsa ya tsaya kan nasa, kuma ba a san shi da damuwa da manomin da ke ƙarƙashin jirgin ba. Wanda ya riƙe wannan a kansa bai zalunce shi ba. Tsofaffin sojojin Biyetnam da yawa kuma, har da waɗanda suka tsani yaƙin, na cewa a shekarar da suka ji ƙasarsu ta manta da su, shi ya zo.

Yaya ta kaya a Saudiyya a 1990?

Da sharuɗɗa. Hukumomin ƙasar ba su yarda mata su hau dandamali su yi waƙa da rawa ba, don haka mawaƙan da ya taho da su, irin su Marie Osmond da Ann Jillian, sai a Bahrain suka yi nasu wasan. Mace ɗaya aka bari ta rera waƙa a Saudiyya: matarsa Dolores, mai shekara 81 a lokacin. An kuma taƙaita 'yan jarida, an tace abin da zai faɗa.

Shi kaɗai ne ya yi irin wannan aiki?

Ko kusa. Ɗan barkwanci Joe E. Brown, wanda ɗansa ya mutu a haɗarin jirgin soja a 1942, ya riga shi zuwa Fasifik. Mawaƙi Al Jolson ya je Koriya a 1950 ya mutu makonni kaɗan bayan dawowarsa. 'Yar barkwanci Martha Raye ta yi ta zarya Biyetnam har aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Fort Bragg. A Yaƙin Duniya na Biyu Turawan Ingila ma sun yi tasu ƙungiyar mai suna ENSA, wadda ta kai mawaƙiya Vera Lynn Bama (Myanmar a yau) a 1944, ƙasar da sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi. Daga baya ɗan barkwanci Robin Williams ya sha zuwa Iraƙi da Afganistan. Abin da ya bambanta Hope shi ne daɗewa, da kuma kyamara.

Mu a nan wanda ya fi kusa da zuciyar bariki shi ne marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a Kaduna a Nuwamban 2023. Amma tasa hanyar daban ce: shi sojan gaske ne, ya ɗauko Hausar bariki da tsawar samanja ya kawo wa farar hula a rediyo da talabijin.

Ina iyalinsa, kuma me aka bari da sunansa?

Ya zauna da Dolores tun daga 1934 har mutuwarsa, suka ɗauki riƙon yara huɗu. Masu rubuta tarihinsa sun tabbatar da cewa bai riƙe amanar auren ba, abin da aka daɗe ana rufewa yana raye. Dolores ta mutu a 2011 tana da shekara 102.

Shugaba John Kennedy ya miƙa masa lambar zinare ta Majalisa a 1963, Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma a 1998. Rundunar ruwa ta sa sunansa a wani ƙaton jirgin dakon kayan yaƙi a 1997, rundunar sama ma ta sa a wani jirgin C-17. A bakin tekun San Diego, kusa da tsohon jirgin yaƙi Midway, akwai mutum-mutuminsa na tagulla yana riƙe da abin magana, kewaye da na sojoji goma sha biyar, ana kuma sakin muryarsa ta lasifika. An binne shi a maƙabartar San Fernando Mission.

Filin jirgin saman da ke ɗauke da sunansa fa, yana nan?

Yana nan a Burbank, kusa da gidansa. An raɗa masa suna Bob Hope Airport a ƙarshen 2003. Bayan shekara goma sha da 'yan kai, masu kula da filin suka lura matafiya daga wasu jihohi ba sa gane a ina yake idan sun ga sunan, sai suka koma tallata shi da Hollywood Burbank Airport. A takardun hukuma dai har yanzu sunan Bob Hope ne a kansa.